Hawayen ƙarshen wasan Brothers da 'yan'uwan da ba a binne a gida ba

A watan Agustan 2013 kamfanin Starbreeze na ƙasar Suwidin ya fitar da wani gajeren wasan bidiyo mai suna Brothers: A Tale of Two Sons, labarin wa da ƙane. Babu ƙwallo a cikinsa, babu bindiga. Wasa ne na tafiya da wasa ƙwaƙwalwa, irin wanda sai mutum ya tsaya ya yi tunanin yadda zai buɗe ƙofa ko ya tsallake rami kafin ya ci gaba. Awa uku zuwa huɗu sun isa a gama shi. Amma yau sama da shekara goma ke nan, duk inda aka ambaci sunansa, mintocinsa na ƙarshe ake fara tunawa. Masu sharhin wasanni a Turai da Amurka, waɗanda sana'arsu ke nan kuma sun ga iri-iri, da yawansu sun rubuta cewa da hawaye suka kammala shi.

Wasan ya daɗe da barin hannun masu na'urar Xbox da PlayStation kaɗai. Ya shiga wayoyin iPhone a 2015, na Android a 2016, aka kuma sake gina shi da sabon zane a Fabrairun 2024. Mutanen cikinsa ba sa jin Faransanci, ba sa jin Ingilishi. Wani yare ne na ƙirƙira suke yi, wanda aka ɗora a kan lafazin Larabcin Labanon, sauran bayanin kuma da hannu da fuska ake yin sa. Ke nan saurayin da ke zaune a fada a Tasawa ko Mayahi, ko ɗan'uwansa da ke aikin gini a Sabha ko Tamanrasset, ko da bai taɓa shiga lakwal ba zai fahimci labarin daga farko har ƙarshe. Idan kuwa ya kai ƙarshen ya yi shiru, idonsa ya ciko, an san abin da zai biyo baya. Abokai za su fashe da dariya, a ce ƙato da shi yana kuka a kan zane, wani dattijo ya ƙara da cewa ga abin da salula ta mayar da yaran yanzu.

Wannan dariyar ba ta dace ba, kuma dalilin rashin dacewarta ya fi ƙarfi a waɗannan gundumomi biyu na jihar Maradi fiye da a Turai inda aka yi wasan. Wanda bai buga ba kuma yana da niyya, ya sani cewa bayanin da ke tafe zai tona ƙarshen labarin.

Labarin yana farawa ne da ƙaramin, Naiee, durƙushe a gaban kabarin uwarsa. Ruwa ne ya cinye ta a gaban idonsa, yana cikin kwalekwale ya kasa ceto ta, tun daga ranar kuma yake tsoron ruwa. Sai uban ya kwanta ciwo. Shi da wansa Naia suka ɗora shi a amalanke zuwa wurin mai maganin gari, wanda ya shaida musu cewa babu abin da zai tashe shi sai ruwan wata bishiya da ke can nesa. Suka kama hanya. Suka ratsa duwatsu da ramukan haƙar ma'adinai, suka kori kyarketai da wutar itace cikin dare, suka bi ta filin yaƙin samudawa inda gawawwaki suka tare hanya, jini yana gudu kamar ƙorama.

Dabarar wasan tana cikin hannu. Mutum ɗaya ne yake tafiyar da yaran biyu a lokaci guda: babban yatsan hagu na wa, na dama na ƙane, kowanne da madanninsa guda na kama abu. Da farko hannu yakan rikice, yaran su yi ta karo da bango kamar makafi. Bayan rabin awa sai kai ya saba. Wan ne mai ƙarfin jan ƙarfe mai nauyi, ƙanen ne mai siririn jikin da zai kutsa tsakanin sanduna. Wan zai ɗaga ƙanen ya hau katanga, ƙanen ya sako masa igiya. Idan aka zo kogi, ƙanen ba ya shiga sai ya rungume bayan wansa, wan ya yi iyo da su biyun. Haka ake yi sau da yawa, har hannun mai wasa ya haddace ba tare da an faɗa masa ba.

Gab da isa bishiyar, wata yarinya da suka ceto daga masu shirin yanka ta sai ta rikiɗe ta zama ƙatuwar gizo-gizo. Suka yi galaba a kanta, amma kafin ta mutu ta soke Naia a ciki. Ƙanen ya tallafo shi har gindin bishiyar, ya hau shi kaɗai ya ɗebo ruwan. Ko da ya sauko, wan ya cika. Ya zuba masa ruwan a baki, bai motsa ba.

A fim, nan ne za a sa kiɗan tausayi, mai kallo ya zauna ya kalla. Wasan bai bar mutum ya zauna ba. Mai wasa ne zai ja gawar da yatsansa har bakin ramin, sannan ya je ya turo ƙasa, ya dawo, ya sake turowa, yaron yana tafe a hankali yana kuka, har kabarin ya rufe. Babu hanyar tsallakewa. Hannun hagu kuma, wanda awa uku yana aiki, yanzu yana riƙe da abin wasa ba shi da abin yi.

Sannan sai yaron ya iso kusa da gida cikin dare da hadari, ruwa ya tare shi. Mai wasa zai tura shi, yaron ya ƙi shiga. Wasan ba ya rubuta komai a kan allo. Wasu sukan yi mintoci suna neman wata hanya, kafin tunani ya zo musu su danna madannin hagu, na wan da ya mutu. Da dannawa yaron ya faɗa ruwa ya yi iyo. Haka zai ja ƙarfen da a da sai wansa, haka zai kai inda a da sai an ɗaga shi. Uban ya sha ruwan ya tashi. Hoton ƙarshe shi ne uban durƙushe yana kuka a gaban duwatsun kabari biyu, yaron yana tsaye a gefensa.

Wanda ya tsara wasan, Josef Fares, ya san hanya. An haife shi a Bairut a 1977, iyalinsa suka gudu daga yaƙin basasar Labanon zuwa Suwidin yana ɗan shekara 10. Fina-finai yake yi kafin ya shigo harkar wasanni, kuma Brothers shi ne wasansa na farko. Ya ci lambar BAFTA ta Birtaniya a fannin sabuwar dabara a 2014. Abin da aka yaba shi ne ya gano cewa rashin mutum a jiki ake jin sa kafin a ji shi a tunani: wurin da ya saba zama, aikin da ya saba kamawa, lambar wayar da yatsa ke zuwa kanta da kansa.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga labarin neman ruwan magani. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da aka buga a 1934, ya san gwarzon da ya bar gida shekaru yana yawon duniya don ya samo ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Ya sha wuya, ya yi dabaru, ya dawo da ruwan da girma da dukiya. Tatsuniyoyin dare ma haka suke, Gizo ya yi ta'asarsa, a yi dariya, mai ba da labari ya rufe da ƙurunƙus, kowa ya tafi ya kwanta da sanin cewa ƙarya ce. Brothers ya ɗauki wannan tsohuwar hanya har bakin ƙofa, sannan ya ƙi yin ƙurunƙus. Ruwan ya iso, maganin ya yi aiki, amma mutum biyu suka fita, ɗaya ya dawo.

Wannan lissafi na biyu su fita ɗaya ya dawo, a Tasawa da Mayahi ba a cikin waya aka fara jin sa ba.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna kowace daga cikin gundumomin biyu tana da mutum sama da dubu 500, mafi yawansu manoman gero da wake da gyaɗa da riɗi, a ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba. Gonar gandu da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ne suke kallon ta. Damina wata uku zuwa huɗu ce. Da an ɗaure damman gero an zuba a rumbu, samari sukan fara haɗa jaka, daga Korgom da Maijirgi da Urafan, daga Kanambakashe da Isawan da Cake. Wasu su yi kudu, Katsina da Kano da Legas. Wasu su yi arewa, Agadas da Arlit, daga nan Aljeriya, ko ta Dirku zuwa Libiya. Tun 2014 da aka ga zinariya a Jado da Cibarakaten, ramukan haƙa suka zama wata alƙiblar. Yawancinsu ba Turai suka nufa ba. Bida ce ta wata shida ko shekara biyu, a samo kuɗin buhun hatsi na lokacin da rumbu ya ƙare, da na sadaki, da na maganin tsoho.

Kuma da wuya yaro ya yi tafiyarsa ta farko shi kaɗai. Wansa ne ke tafiya da shi, ko ɗan baffa, ko wani babba na unguwa da uwa ta damƙa masa amana a ƙofar gida. Shi ya san direba, shi ya san inda ake ɓoye kuɗi a jikin riga, shi ke magana a shingen jami'ai, shi ke cewa a rage shan ruwan jarka don gobe. Ƙanen yana riƙe da bayansa ne kawai. Duk wanda ya yi wannan tafiya ba ya bukatar a fassara masa abin da ake nufi da yaron da ba ya shiga kogi sai a bayan wansa.

A watan Oktoban 2013, wata biyu bayan fitowar wasan, aka tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Yara 52 ne, mata 33, maza 7, akasarinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram, maƙwabciyar Maradi ta gabas. A inda aka same su aka binne su, gwamnati ta ayyana zaman makoki na kwana uku. Waɗannan an gan su, an ƙidaya su. A Nuwamban 2021 ramin zinariya ya rufta a yankin Ɗan Isa, cikin jihar Maradi kanta, ya kashe aƙalla mutum 18. Su ma an san inda suke kwance.

Waɗanda ba a ƙidaya ba su ne matsalar. Dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure ta sa direbobi sun riƙa kauce wa rijiyoyi da hanyoyin da aka sani, suna bin inda ko mota ta mutu babu mai wucewa. An soke dokar a Nuwamban 2023, amma waɗanda suka ɓace a tsakanin ba su dawo ba. Aljeriya kuma tana ci gaba da kwaso mutane. 'Yan Nijar akan kawo su cikin ayarin motoci, 'yan sauran ƙasashe kuwa a sauke su a kan iyaka su taka kimanin kilomita 15 a ƙasa zuwa Asamaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙidaya sama da mutum dubu 30 da aka koro ta wannan hanya a 2024 kaɗai. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya masu kula da ƙaura da 'yan gudun hijira sun sha faɗin cewa, a ƙiyasinsu, masu mutuwa a Sahara sun ninka masu mutuwa a tekun Bahar Rum. Teku takan turo gawa gaɓa. Rairayi ba ya turowa.

A gida abin da ake gani shi ne waya ta daina shiga. Mako ɗaya a ce babu layi a inda yake. Wata ɗaya a ce ƙila an kama shi, yana gidan kaso a Libiya. Shekara ta zagayo, wani da ya dawo ya ce ya ji an ce an gan shi a wani gari, wani kuma ya sunkuyar da kai ya ce bai san komai ba. Ba a yi wanka ba, ba a yi sallah ba, ba a shimfiɗa tabarmar gaisuwa ba. Babu sadakar uku, babu ta bakwai, babu ta arba'in. Uwa ba ta da ikon yin kuka a fili, don kada a ce ta yi wa ɗanta fatan mutuwa, ba ta kuma da ikon sakin ranta.

Matarsa ta fi kowa shiga tsaka mai wuya. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a Nijar, matar wanda ya ɓace takan kai maganarta gaban alƙali, a bincika, idan ba a samu labari ba ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba ta wata huɗu da kwana goma. Wannan idan akwai abin ciyar da ita ke nan. Idan babu, tana da damar neman a raba auren tun kafin lokacin. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai shekarun da ake ganin sa'o'insa ba sa wuce su. Shari'a ta yi tanadi, amma yarinya 'yar shekara 19 mai goyo, a gidan surukai, a ƙauyen da ke da nisa da alƙali, ba kasafai take da wanda zai kai ta ba. Sau da yawa ƙanen mijin ne, shi ma yaro, yake wayar gari da nauyin gida biyu a kansa. Shi ke noman gandu, shi ke sayen magani, shi ne kuma zai kama hanyar da ta cinye wansa idan rani ya yi, domin babu wata.

Irin wannan saurayi ne zai iya samun kansa yana tura ƙasa a kan kabarin Naia da babban yatsa. Abin da hanya ta hana shi, wato ya ga gawa, ya sa hannu, ya rufe, ya juya, shi wasan ya ba shi cikin minti biyar. Daga baya kuma ya nuna masa yaro yana yin aikin wansa da ƙarfin wansa, wanda shi ne ainihin abin da yake yi kullum tun da waya ta daina shiga. Idan hawaye suka zo a nan, sun daɗe suna neman ƙofa.

Za a ce namiji ba ya kuka. Gaskiya ne an tashi yara maza a kan dauriya, kuma dauriya ta yi wa mutanen karkara rana. Wanda ya ga fari da yunwar 2005 a jihar Maradi ya san ba da raki aka tsallake ta ba. Amma dauriya daban, toshe zuciya daban. Addini ma kururuwa da yage tufafi da maganganun saɓo ya hana. Sananne ne cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. Saurayin da aka hana shi kuka a gida, aka hana shi a fada, ba daina jin ciwon yake yi ba. Wani wurin yake kai shi, kuma kowa a Maradi ya san ɗaya daga cikin wuraren: ƙwayar taramol da 'yan'uwanta, waɗanda ake samu a teburin bakin tasha cikin sauƙi fiye da yadda ake samun mai sauraro.

Iyayen da ke tsoron wasannin waya suna da hujjarsu, kuma bai kamata a raina ta ba. Akwai yaran da ke kwana a kan Free Fire da PUBG, kuɗin cajin batir da na intanet suna fita daga aljihun da babu komai a ciki. Akwai cacar ƙwallo da ta shigo waya ta sa rigar wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya kamuwa da wasannin bidiyo cikin kundinta na cututtuka, wanda ya fara aiki a 2022, tana nufin wanda wasa ya fi ƙarfinsa har ya ture karatu da aiki da iyali na tsawon kamar shekara. Sai dai a cikin wannan kundin dai aka sanya baƙin cikin rashi da ya ƙi wucewa, wanda ke hana mutum rayuwa watanni bayan mutuwar nasa. Na farkon kowa yana maganarsa a wa'azi da rediyo. Na biyun, wanda ya fi yawa a gidajen 'yan ci-rani, ba shi da mai magana.

Kuma ba duka wasanni ne abu ɗaya ba. Akwai waɗanda aka gina don kada su ƙare, kullum da sabuwar kyauta, da sabon mataki, da abin saya, domin ribar kamfanin tana cikin daɗewar mutum a kai. Akwai kuma masu farko da ƙarshe kamar littafi, a gama a ajiye. Uban da ya iya bambance wa'azi da waƙar banza duk da cewa a rediyo ɗaya suke fitowa, zai iya koyon bambance waɗannan.

Brothers ma yana da nasa aibin. Yarinyar da ta zama gizo-gizo tsohuwar gajiyayyiyar dabara ce, ta mace mayaudariya mai raba 'yan'uwa, kuma wasan bai bukace ta ba. Masu yankan mutum da aka nuna, da rawarsu da tsafinsu, sun yi kama da yadda tsofaffin fina-finan Turawa ke zana mutanen da ba su sani ba. Akwai jini, akwai wurin da wani mutum yake shirin rataye kansa bayan gobara ta cinye iyalinsa. A Amurka an sa wasan a rukunin 'yan shekara 13 zuwa sama, don haka ba abin miƙa wa ƙaramin yaro ba ne. A kan gilashin waya kuma yatsu sukan zame, abin bai kai daɗin na'ura mai madannai ba. Sabon bugun 2024 ya ba da damar mutum biyu su raba yaran a tsakaninsu, abin da zai burge 'yan fada, amma yin haka yana kashe dabarar gaba ɗaya. Idan wan yana hannun aboki, to hannun aboki ne zai mutu, mai riƙe da ƙanen ba zai ji komai a nasa ba.

Abin da ake bukata daga abokai kaɗan ne. Idan wani ya ajiye waya ya yi shiru, a zuba masa shayi, a bar shi. Idan ya fara maganar wansa, a saurara, ko da an ji labarin sau goma. Fada ta riga ta iya tara kuɗin biki da na suna, ta iya kai mara lafiya asibiti a kan kabu-kabu da tsakar dare. Wannan ma aikinta ne.

Nauyin da ya fi girma yana kan waɗanda ke waje. Akwai al'adar ɓoye mutuwa, a ce kada hankalin tsohuwa ya tashi, a bari sai an koma gida a faɗa da baki. Komawar takan ɗauki shekara uku, wani lokaci mai labarin shi ma ba ya komawa. Niyyar mai kyau ce, sakamakon kuwa zalunci ne a kan uwa da mata da 'ya'ya. Wanda ya halarci binne ɗan garinsu a Sabha ko Jado ko bakin wata rijiya, ya riƙe ranar, ya riƙe sunan wurin, ya adana alamar wurin a taswirar wayarsa idan da hali, ya nemi mutum biyu da za su shaida, sannan ya kira wani dattijo na dangin ko limamin garin wanda ya san yadda ake shiga gida da irin wannan labari. Da shaidar mutum biyu mace za ta yi takabarta ta wata huɗu da kwana goma ta fita, maimakon shekara huɗu na jira.

Hukumomi ma suna da abin yi wanda ba ya cin kuɗi. Masu gari da limamai sun san duk wanda ya fita daga ƙauyensu. Littafi guda a hannun kowane mai gari, mai ɗauke da sunan wanda ya tafi, da wanda ya tafi da shi, da inda ya nufa, da ranar da aka yi magana da shi ta ƙarshe, zai ba fadar sarkin Tasawa da ta sarkin Mayahi da ofisoshin ƙananan hukumomi abin da za su riƙa a hannu idan za su tambayi Agadas ko Yamai. Gidajen rediyon al'umma da ke karanta gaisuwar 'yan ci-rani za su iya ware minti goma a mako don cigiya.

Masu ilimin kwamfuta daga cikin matasa kuma su lura da abin da Fares ya yi da ƙaramar tawaga da labari guda. A Faransa an yi Bury me, my Love a 2017, wasan da gaba ɗayansa saƙonnin waya ne tsakanin wata 'yar Siriya da ke kan hanyar Turai da mijinta da ya rage a gida, kuma yadda labarin zai ƙare ya danganta da shawarar da mai wasa ya ba ta. A Kamaru kamfanin Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016. Labarin uwa a Mayahi da ke sauraron saƙon murya na ƙarshe da ɗanta ya turo daga Dirku bai gaza waɗannan ba, kuma wanda ya tashi a gidan ne zai iya ba da shi daidai.

Ga iyalan da ke cikin jira a yanzu, akwai ƙofar da da yawa ba su san da ita ba. Ƙungiyar Croix-Rouge ta Nijar tana da sashen sada iyalai da neman waɗanda suka ɓace, kuma kyauta ne. Hukumar OIM tana da cibiyoyin saukar matafiya a Agadas da Arlit da Dirku, inda ake rubuta sunayen waɗanda suka shigo. Mai zuwa cigiya ya tafi da cikakken sunan wanda ake nema da na mahaifinsa da na mahaifiyarsa, da hotonsa, da lambar da ya kira da ita ta ƙarshe, da ranar kiran, da sunan duk wanda aka san sun fita tare.